Ko Baƙar Ɗamara Tana Biyan Kuɗin Jami'a?

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wata magana da take yawo a tsakaninmu 'yan kulob ɗin judo da takwando na makarantar nan, har ta fara isa gidajenmu. Maganar kuwa ita ce, wai duk yaron da ya ɗaura baƙar ɗamara a ɗaya daga cikin wasannin kare kai, to ya rabu da wahalar kuɗin makaranta, domin jami'o'in Amurka suna can suna jiransa da sukolashif. Ni shekarata huɗu ke nan ina takwando, bana kuma nake fita, saboda haka zancen ya shafe ni ƙwarai. Wannan ya sa na yi amfani da hutun da ya wuce wajen bin diddiginsa, na karanta dokokin da jami'o'in suka buga da kansu, na kuma tambayi malaminmu na wasanni abin da ya shige mini duhu. Abin da na samo shi ne zan shimfiɗa a nan, don kada wani ya jingine littafinsa saboda jita-jita.

Da farko dai sai mu san wanda yake riƙe da bakin jakar. A Amurka akwai wata babbar ƙungiya mai kula da wasannin jami'o'i, ana taƙaita sunanta da NCAA, an kafa ta a 1906. Ita ce take faɗin wasannin da jami'o'in da ke ƙarƙashinta za su yi gasa a kansu, da sharuɗɗan ba ɗan wasa tallafin karatu. Ta kasa jami'o'in gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manyan jami'o'i masu kuɗi, na biyu na matsakaita, na uku kuwa ba ya ba da sukolashif don wasa ko na sisin kwabo. Ban da ita akwai NAIA mai kula da ƙananan jami'o'i, da NJCAA mai kula da kwalejojin shekara biyu. Galibin kuɗin da ake ba ɗalibi don bajintarsa a fili ta hannun jami'o'in waɗannan ƙungiyoyi uku yake fita, kuma a kan wasannin da ke cikin jerinsu kaɗai.

To, in ka duba jerin NCAA tun daga sama har ƙasa, ba za ka ga judo ba, ba za ka ga kareti ba, ba kuma za ka ga takwando ba. Wasannin faɗa guda biyu ne kurum a ciki, watau kokawa da wasan takobi irin na Turawa. Sauran duka ana yinsu a jami'o'in, amma a matsayin kulob na ɗalibai, kamar dai yadda muke da kulob ɗin muhawara ko na manoma a nan. Ɗalibai su suke haɗa kansu, sau da yawa ma su suke biyan kuɗin motar zuwa gasa daga aljihunsu. Ke nan wanda ya ce maka wata jami'ar Amurka za ta ɗauke maka kuɗin makaranta da na kwana da na abinci don kana da baƙar ɗamarar kareti, sai ka tambaye shi daga wace jaka kuɗin zai fito.

Damben zamani ma da yana cikin jerin, kuma yadda ya fita abin tausayi ne. A watan Afrilu na 1960 aka yi gasar damben jami'o'i ta ƙasa a Jami'ar Wiskonsin, inda dubban mutane sukan cika zaure don kallo. Wani ɗalibin jami'ar mai suna Charlie Mohr ya sha naushi a ka a wasan ƙarshe, ya koma ɗakin sauya tufafi ya faɗi, bayan kwana takwas ya rasu. Jami'ar ta soke dambe nan da nan, NCAA kuma ba ta sake shirya gasarsa ba. Tun daga lokacin damben jami'o'i ya koma hannun kulob. Na kawo wannan ne saboda abokanmu masu sa safar dambe, kada su ɓata lokaci suna neman ƙofar da aka rufe fiye da shekara 60 da suka wuce.

Saura kokawa, kuma a nan ya kamata mu ɗan zauna, domin ita ce ƙofa ta gaskiya, ko da yake ƙunci gare ta. Jami'o'in rukuni na ɗaya masu ƙungiyar kokawa ta maza kimanin 80 ne. Shekara da shekaru dokar ita ce kada jami'a ta ba 'yan kokawarta abin da ya wuce sukolashif 9.9, alhali kuwa a ƙungiya ɗaya akan sami mutum wajen 30. Yaya za a raba abu goma ga mutum talatin? Sai a yayyanka shi. Wannan a ba shi rabi, wancan rubu'i, wani kuɗin littattafai kawai, wani kuma ya tashi hannu rabbana. A watan Yuni na 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da wani sulhu tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, aka janye wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga sulhun, aka maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa, watau mutum 30 a ƙungiyar kokawa. Yanzu doka ba ta hana irin waɗannan jami'o'i su biya wa duka talatin ɗin ba. Amma izni daban, kuɗi daban. Kokawa ba ta kawo wa jami'a kuɗin shiga kamar ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando, don haka yawancin masu horarwa har yanzu da ɗan abin da aka ba su suke ta dabara.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji ɗaya. Jami'a 80, kowace da mutum 30, ya kama gurbi 2,400 ke nan, kuma ba kowace shekara suke zama fanko gaba ɗaya ba, sai waɗanda suka gama karatu sun fita. A ɗaya gefen, samarin da suke kokawa a makarantun sakandaren Amurka sun haura 250,000. Waɗannan yara a gaban idon masu horarwa suke tasowa, ana da rajistar kowane wasa da suka yi tun suna ƙanana. Da su ne ɗan Kano ko ɗan Maraɗi zai yi takara, daga nisan dubban mil.

Daɗin daɗawa, kokawar ba iri ɗaya ba ce da tamu. A kokawar gargajiya, irin wadda ake yi a gasar takobi ta Nijar tun 1975, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A kokawar jami'o'in Amurka kuwa kayen mafari ne kawai. Ana yin minti bakwai cikin zagaye uku, ana ba da maki don kaye, da kuɓucewa daga ƙasa, da juya abokin karawa, har ma da tsawon lokacin da ka danne shi. Wasa ba ya ƙarewa kafin lokaci sai an manna kafaɗun mutum biyu a katifa, ko an yi masa rata mai yawa a maki. Ko da kokawar Olimfik ma ta ɗan bambanta da ita. Ɗan judo yana da ɗan abin farawa, tun da ya san jifa ya kuma saba da faɗan ƙasa, sai dai babu rigar da zai kama, tilas ya koyi sabon riƙo. Ɗan takwando irina kuwa, wanda duk jarinsa a ƙafa yake, kusan daga baƙi da wasali zai soma.

Na san za a kawo mini misalin Kamaru Usman, kuma misali ne mai kyau in an faɗe shi cikakke. An haife shi a Auchi a 1987, iyayensa suka koma Amurka da shi yana ɗan shekara takwas. A makarantar sakandare ta garin Arlington a Jihar Texas ya fara kokawa. Daga nan ya shiga Jami'ar William Penn, ƙaramar jami'a ce a ƙarƙashin NAIA, ya yi shekara ɗaya, sannan ya koma Jami'ar Nebraska ta garin Kearney, wadda ke rukuni na biyu. A can ya zama zakaran ƙasa na rukuninsa a 2010. Sai a 2019 ya ci kambun UFC da duniya ta san shi da shi. Abu biyu nake so a lura da su. Na ɗaya, a Amurka ya yi sakandare, a nan aka gan shi. Na biyu, ta ƙananan jami'o'in da ba mu taɓa jin sunansu ba ya bi. Mai neman irin wannan hanya ya fi kyau ya rubuta wa masu horarwa na rukuni na biyu da NAIA da kwalejojin shekara biyu, maimakon ya tsaya yana hangen Dala.

'Yan'uwanmu mata kuwa labarinsu ya ɗan fi daɗi. A watan Janairu na 2025 NCAA ta amince da kokawar mata a matsayin wasa mai gasar ƙasa, jami'o'i da dama kuma sun buɗe sababbin ƙungiyoyi suna neman waɗanda za su cika su. Sa'an nan kokawar da matan suke yi a jami'o'in irin ta Olimfik ce, watau irin wadda Blessing Oborududu ta ci wa Nijeriya lambar azurfa da ita a Tokyo a 2021. Yarinyar da ta koyi wannan kokawa a gida ba sai ta sake salo ba.

Yanzu mu koma kan judo da kareti da takwando, tun da su ne yawancinmu muke yi. Babu inda judo ya yi suna a jami'o'in Amurka kamar Jami'ar Jiha ta San Jose a Kalifoniya. Wani malami ɗan asalin Japan mai suna Yosh Uchida shi ya raini ƙungiyar tun daga shekarun 1940, shi ya jagoranci 'yan judon Amurka zuwa Olimfik na 1964, ya kuma rasu a 2024 yana da shekara 104. Ɗalibansa sun ci gasar jami'o'i ta ƙasa fiye da sau 40. Daga cikinsu Mike Swain ya zama zakaran duniya a 1987, Marti Malloy kuma ta ci tagulla a Olimfik na London a 2012. Duk da wannan tarihi, judon San Jose bai shiga jerin NCAA ba. Taimakon da ɗan wasa yakan samu a irin waɗannan wurare daga gudummawar tsofaffin ɗalibai da ƙungiyoyin wasan yake fitowa, kuma yawanci na rage zafi ne. Wasu kyaututtukan ma an keɓe su ga 'yan ƙasa kawai. Kuɗin shekara ɗaya a manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu, in an haɗa da kwana da abinci, ya haura dala 80,000. Kowa ya buga wannan da farashin dala na yau zai ga cewa kyautar dala dubu ɗaya ko biyu ba za ta kai shi ko bakin ƙofa ba.

To, ina babban kuɗin yake? Yana ofishin ɗaukar ɗalibai. Jami'o'i suna ba da tallafi iri biyu da ba ruwansu da filin wasa, ɗaya don ƙoƙarin ɗalibi a jarrabawa, ɗaya kuma don rashin ƙarfin iyayensa. Jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Kwalejin Amherst, in sun ɗauki ɗalibi, ko daga wace ƙasa ya fito, sukan duba abin da gidansu za su iya biya su cika sauran. Akwai kuma Kwalejin Berea a Jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga ɗalibanta, sai dai kowa yakan yi wa makarantar aiki na wasu sa'o'i a mako, baƙin da take ɗauka a shekara kuma 'yan kaɗan ne. Wani abin sha'awa, tsofaffin jami'o'i takwas ɗin nan da ake kira Ivy League, su Harvard da Princeton da Cornell, sun yi yarjejeniya a tsakaninsu ba sa ba da sukolashif don wasa ko kaɗan. Amma a Cornell ɗin ne Kyle Dake ya ci gasar kokawa ta NCAA sau huɗu a jere, daga 2010 zuwa 2013, kowace shekara a ajin nauyi daban. Wannan gwarzo bai karɓi kobo don kokawarsa ba, domin jami'arsa ba ta da irin wannan jaka.

A nan ne ɗamarar take da amfaninta na gaskiya. Jami'ar da take da masu nema dubbai, kusan dukansu da sakamako mai kyau, tilas ta nemi abin da zai bambanta wani da wani. Yaron da ya yi shekara biyar ko shida yana tashi da asuba don horo, ya hau matakan ɗamara ɗaya bayan ɗaya, ya wakilci jiharsa, yana kuma koya wa ƙannensa na aji ɗaya, yana da abin da zai rubuta a takardar neman shiga, malaminsa kuma yana da abin da zai shaida a kansa. Watau ɗamara mai shaida ce. Amma mai shaida ba ya shiga kotu sai akwai shari'a, shari'ar kuwa ita ce sakamakon WAEC ko NECO.

Ko wanda ya dage a kan kokawa ma bai tsira daga littafi ba. NCAA tana da ofishin tantancewa da kowane ɗan wasa na rukuni na ɗaya da na biyu zai yi rajista da shi. Suna neman darussa 16 na asali, da suka haɗa da Turanci da lissafi da kimiyya da nazarin zaman jama'a, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga rukuni na ɗaya, 2.2 ga na biyu. Tun 2023 sun daina neman jarrabawar SAT, ko da yake wasu jami'o'in suna nemanta don kansu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, takardun da suke dubawa daga shekara ta tara ta karatu suke farawa, watau aji uku na ƙaramar sakandare. Ƙannenmu na ƙananan azuzuwa sai su ji da kyau, rahoton ƙarshen zangon da kuke cusawa cikin akwati har ɓera ya ci, wata rana za a tambaye shi. Haka nan sukan tambayi ko ɗalibi ya taɓa karɓar kuɗi don wasa, ko ya sa hannu da wata ƙungiya ta sana'a ko wani dillali. Wanda yake shiga filin dambe ko kokawa lokacin kaka ana yi masa kari, ya riƙa rubuta abin da ya karɓa da ranar da ya karɓa, in an tambaye shi ya faɗi gaskiya. Jinkiri bayan gama sakandare shi ma yana iya cinye wa mutum shekarun da aka yarda ya yi wasa a jami'a.

Ga iyayenmu, in har takarda ta zo, akwai tambayoyin da ya kamata ku yi kafin a fara murna. Kashi nawa cikin ɗari za a biya? Ya haɗa da ɗakin kwana da abinci da inshorar lafiya? Na shekara ɗaya ne ko na huɗu? Sau da yawa na shekara ɗaya ne ana sabuntawa. In yaro ya karye, ko mai horarwar da ya kawo shi ya bar aiki, me zai faru? Duk amsar da ba a rubuce take a kan takardar jami'a ba, ku ɗauke ta a matsayin hira. Kada kuma a sa rai yaro zai yi aiki ya cike giɓin. Bizar ɗalibai ba ta yarda ya wuce sa'a 20 a mako yana aiki ba lokacin karatu, a cikin harabar makaranta kuma, ga horo da shi ma yakan ci wajen sa'a 20, ga lacca. Kafin ma jami'a ta aiko da takardar neman biza, sai an nuna mata shaidar kuɗin da zai ishi shekarar farko.

Ita bizar kanta ta zama wani babban shinge. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta fitar da sanarwar dakatar da ba 'yan Nijeriya wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai, 'yan Nijar kuwa aka sa su cikin waɗanda aka dakatar gaba ɗaya. Irin waɗannan dokoki sukan sauya, don haka kafin a kashe ko naira ɗaya a kan fom, a fara tambayar halin da ake ciki a ofishin ba da shawara kan karatu na EducationUSA da ke Abuja ko Legas. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya waiwayi wasu ƙasashe.

Japan ita ce mahaifar judo. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, malamin makaranta ne, ya yi shekaru fiye da 20 yana shugabancin babbar kwalejin horon malamai, wadda daga baya ta zama Jami'ar Tsukuba. (Sunansa ba shi da wata dangantaka da birnin Dabo, kama ce kawai ta zo.) Jami'o'i irin su Tokai da Tenri da Tsukuba sun fitar da zakarun duniya da yawa, akwai ma jami'a sukutum ta wasannin kare kai a garin Katsuura, wadda aka buɗe a 1984. Gwamnatin Japan tana ba baƙi sukolashif da ake kira MEXT, ta ofishin jakadancinta ake nema. Jarrabawar da ake yi a can ta alƙalami ce, Turanci da lissafi da Japananci, da kimiyya ga masu neman fannin kimiyya. Wanda ya ci yakan yi shekara ɗaya yana koyon harshen kafin ya shiga jami'a. Koriya ta Kudu ma haka. Jami'ar Yong In, wadda ta faro a matsayin kwalejin judo a 1953, da Jami'ar Kyung Hee, duka suna ba da digiri a takwando. Sukolashif ɗin gwamnatinsu, GKS, yana neman ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 25 mai maki 80 cikin 100 ko fiye, shi ma da shekara ɗaya ta koyon harshe. Ko a ƙasashen da suka haifi wasannin, da takardar sakamako ake shiga. Sai an shiga sa'an nan ɗamara za ta buɗe wa mutum zauren horo, ta sama masa abokai.

A nan Afirka ma akwai abin nema. Gidauniyar Mastercard tun 2012 take ɗaukar nauyin ɗalibai masu ƙoƙari marasa ƙarfi a jami'o'i irin su Ashesi da KNUST a Gana, da Makerere a Yuganda, kuma tana duba abin da ɗalibi ya yi wa jama'arsa. Wanda ya buɗe ajin koya wa yaran unguwa takwando kyauta yana da abin faɗa a nan.

Shi kuwa wanda Allah ya ba baiwa ta musamman, wanda burinsa lambar Olimfik ne, hanyarsa daban ce. Kwamitin Olimfik na Duniya yana da asusun taimakon 'yan wasa, ana bi ta kwamitin Olimfik na ƙasa da hukumar wasan, amma kuɗin horo ne da tafiya gasa, ba na digiri ba. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci azurfa a takwando a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya a 2017, a Jamus ya sami horonsa. Chika Chukwumerije kuma, wanda ya kawo wa Nijeriya tagulla daga Beijing a 2008, a gida ya karanta injiniyan kanikanci, a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri. Ni a ganina wannan ta biyun ita ce hanyar da ta fi kusa da yawancinmu: a ci JAMB, a shiga jami'a a gida, a nemi tallafin hukumar sukolashif ta jiha, a ci gaba da wasa. Gasar jami'o'in Nijeriya, NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, tana da judo da takwando, haka ma gasar jami'o'i ta duniya. Abin dariya ne a ce wasan da NCAA ba ta san da zamansa ba, jami'o'inmu na gida suna ba da lambar zinariya a kansa. Wanda kuma yake so wasan ya zama sana'arsa, akwai sashen ilmin motsa jiki da kiwon lafiya a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, daga nan yana iya neman karatun digiri na biyu a waje, inda gurabe suka fi samuwa.

Sai batun 'yan damfara, domin inda duk aka ce akwai zuma, ƙuda ba ya rasa zuwa. Za ka ga mutum a waya ko a intanet yana cewa shi wakilin wata jami'a ne, a biya kaza ya samo wa yaro gurbi. Jami'a ba ta sayar da sukolashif, kuma babu dillalin da ke da ikon yin alkawarinsa. Sunan kowane mai horarwa da adireshinsa na aiki suna nan a shafin jami'arsa, ɗalibi yana iya rubuta masa da kansa ba tare da ya biya kowa ba. Wasiƙar ta zama gajera: suna da shekaru da nauyi, gasar da aka shiga da matsayin da aka samu, sakamakon jarrabawa, da hoton bidiyo na cikakken wasa tun daga gaisuwa har ƙarshe. Masu horarwa ba su cika yarda da guntayen da aka tsinto na wuraren da yaro ya yi bajinta kaɗai ba, suna so su ga yadda yake yi in an matsa masa.

Daga ƙarshe akwai maganar shaidar ɗamarar kanta. Baƙin ƙyalle kowa yana iya sayensa a kasuwa. Abin da ake karɓa a waje shi ne satifiket, na takwando daga Kukkiwon, watau hedikwatar wasan da aka buɗe a Seoul a 1972, na judo kuma daga hukumar judo ta ƙasa ko daga Kodokan. Yawancinmu a kulob ɗin nan an ɗaura mana ɗamara an tafa, amma ba mu da ko takarda ɗaya da za ta nuna rana da wanda ya gwada mu. Ina roƙon shugaban makaranta da malaminmu na wasanni da a sayi babban littafin rajista guda ɗaya a ajiye a ofis, a riƙa shigar da sunan kowane ɗan kulob, da ranar da ya hau kowane mataki, da kowace gasa da ya shiga da sakamakonta, alƙalin gasar ya sa hannu. In hali ya yi kuma, a gayyato mai gwaji daga hukumar wasanni ta jiha kafin mu 'yan ajin ƙarshe mu fara jarrabawa, don waɗanda suka isa su fita da takardarsu a hannu.